Ruwa a Tankin Jirgin Malam

Talata, bayan la'asar

Yau jawo Dogo aka yi. Ɗan Tsallake ne ya ɗaure jirginmu da igiya a bayan nasa ya kawo shi bakin ruwa, cike da fasinja, mata da kayan kasuwarsu da wani tsoho mai akuya. Injin ya yi tari a tsakiyar kogi ya mutu. Mai Kifi, maƙwabciyata, ita ta kawo mini labari, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce, "Kwantar da hankalinki, ɗanki yana raye." Wa ya tambaye ta? Da ba ta faɗi haka ba, da ban ma kawo mutuwa a raina ba.

Ya shigo yana dariya, wando jiƙe har cinya. "Inna, ba wani abu ba ne fa, inji ne ya yi gardama." Dariyar ubansa sak. Na bari ya shiga wanka, na sauko da tiyon mai daga bayan ƙofa, na naɗe, na tura ƙarƙashin katifata. Shi ke kai fetur daga tanki zuwa inji. In babu shi, jirgi ba ya motsi. Ban san abu da yawa a harkar jirgi ba, amma wannan kam na sani.

Hadari ya haɗo kuma. Wancan karon ma, da kogi ya cinye ubansa, da damina ne.

Laraba, da azahar

Tun sassafe yake birkita gidan. Ya duba bayan ƙofa, ya duba ɗakin kaya, har akurkin kaji ya leƙa.

"Inna, kin ga tiyo?"

"Na gani."

"Yana ina?"

"Inda na ajiye shi."

"Mutane na jira a bakin ruwa fa."

"Su jira. Tsallaken ba guduwa zai yi ba."

"Haba Inna! Da gemuna za ki riƙa ɓoye mini kayan aiki?"

"Wane gemu? Wannan da kaza za ta tsince a zama ɗaya?"

Bai yi dariya ba. Na ce masa magana ɗaya ce: a gano abin da ya kashe injin, a gyara, in gani da idona, sannan ya karɓi tiyonsa. Ya buga ƙofa ya fita.

Can sai ga shi da bakanike, wanda duk bakin ruwa ke kira Sai-Gobe. Sun kinkimo tankin, jan nan na ƙarfe, sun dire a tsakar gida. Sai-Gobe ya nemi farar kwalba, na ba shi ta man girki da na wanke ta bushe. Ya karkata tankin ya tsiyayo na ƙasa-ƙasa, ya ɗora kwalbar a kan katanga, ya ce a ba ta lokaci ta huce.

"Innar Dogo, zo ki ga ɓarawonki."

Fetur a sama, ruwa kwance a ƙasa, da layi a tsakaninsu kamar an ja zare. Ya ce ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake sauka, tiyo kuma daga ƙasa yake zuƙa. Jirgi na cikin tafiya lafiya lau, sai igiyar ruwa ta girgiza shi, inji ya kurɓi ruwa, shi ke nan. Sai ya ƙara da cewa, "Ai irin wannan na ce muku wancan kar..." Dogo ya yi gyaran murya. Ni kuma na shige kicin, alhali ba abin da na ɗora.

Wancan karon tankin kwana ya yi a ƙarƙashin kogi kafin a tsamo shi. Me za a samu a ciki, madara? Mijina Malam, mutumin da sai ya goge murfi da bakin rigarsa kafin ya buɗe. Su yi ta faɗin abin da suke so.

Alhamis, da hantsi

Robar murfin tanki ce ta tsage, in ji Sai-Gobe, ta nan ruwan sama ke bi. Zai kawo sabuwa. Na ce yaushe? Ya dube ni, na dube shi, shi da kansa ya fashe da dariya.

Asabar, da yamma

Bai zo ba. Dogo ya wuni a ƙofar gida yana sauraren jiragen mutane.

Katifata ta ɗauki warin fetur. Ban canza zanin gado ba. Haka rigunan Malam suke yi, komai sabulun da na ƙarar.

Lahadi, bayan azahar

Roba ta zo. Sun juye tankin, sun ɗauraye shi da fetur, sun kifa shi a rana har ya bushe ƙamas. Sabuwar roba ta zauna daram. Dogo ya cika shi daga duron man da ke bayan gida, wanda Mai Fetur ke zuwa ya cika mana in ya yi ƙasa. Suka mai da shi jirgi.

Na ba shi tiyo, amma da sharaɗi. Kullum da safe, kafin ya tashi inji, zai matsa ƙullun robar nan na tsakiyar tiyo ya zubo mini kaɗan a kwalba, ya kawo gida in ɗaga ta a haske. In na ga layi, ba fita. Ya ce, "To, sufeto." Na ce ko kwamishina ka kira ni, kwalbata dai.

Talata, da rana

Jiya tas, yau tas. Ya fita. Na tsaya jikin katanga ina bin ƙarar injin da kunne har ta ɓace. Shinkafa ta kama.

Laraba, da safe

Layi.

Da ya so, da ya zubar a hanya ya ɗebo mini mai kyau, ba zan taɓa sani ba. Bai yi ba. Ya ajiye kwalbar a gabana, ya ajiye tiyon kusa da ita, ya shige ɗakinsa. Na rasa ko in gode masa ko in yi kuka. Na yi wanke-wanke.

Alhamis, da yamma

Baffan Dogo ya zo, ƙanin Malam. Tela ne. Ko a kwatami bai taɓa tuƙa jirgi ba, amma in ana shawarar ruwa shi ne a gaba. Yana shigowa ya gyara mini tabarma wai ta karkace, ya miƙar da madubin bango, sannan ya zauna.

"Matar Yaya, ku duk kun bar gaskiya a baya. Mai Fetur ne ke yi muku haɗi."

"Ka gan shi?"

"Sai na gani? Dubi cikinsa mana."

Ya ja Dogo suka tafi. Ba su jima ba suka dawo, Baffa ya yi laƙwas. Ashe Mai Fetur a gaban jama'a ya zuba mai a kwalba, tas, ya ce duk jiragen bakin ruwan nan mansa suke sha, wa ya taɓa kawo ƙara? Ya ce albarkacin Malam ne kawai zai sa ya ƙyale maganar. Yanzu sai na aika a ba shi haƙuri. Aiki ya ƙaru.

Don ya wanke fuskarsa, Baffa ya ce bari ya gwada duron gida. Ya zura tiyon ɗiba ya zuƙa da baki, irin yadda ya ga ana yi, ya haɗiye rabi. Kwalba dai ta fito tas, babu layi. Shi kuma ya wuni yana gyatsar fetur. Na ce kada ya kuskura ya matso mini kusa da murhu, ba ni da wani gidan. Ya ce ai ko ya kama da wuta ni ce zan yi asarar miji na biyu. Na ce Allah ya kiyaye ni da mijin da ke auna tabarma da tef.

Na yi dariya. Sai da ya tafi na lura na yi.

To ba murfi ba ne, ba Mai Fetur ba ne, ba duro ba ne. Ta ina?

Asabar, da hantsi

Sai-Gobe ya zo da sabon bayani. Wai tanki in ya kwana rabi, zufa yake yi ta ciki. Iskar da ke ciki ta yi sanyi da asuba, raɓa ta kwanta a jikin ƙarfe, ta gangara ƙasa. Maganinsa a cika shi fal kowace yamma. Sannan akwai ɗan notin iska a kan murfi, ana buɗe shi in inji na aiki, a rufe in an tsaya. Ya tambayi Dogo ko yana rufewa. Dogo ya sosa ƙeya.

Na ce, "Sosa da kyau."

An sake juyewa, an sake shanyawa, an sake cikawa. An rufe noti. An lulluɓe tankin da tamfol an ɗaure, kamar jariri a lokacin sanyi. Hannuwan yaron nan duk sun yi fari sun tsattsage saboda fetur. Na ba shi man shafawa, ya ce shi ba amarya ba ne. Da ya ɗauka ba na kallo ya shafa.

Litinin, da safe

Layi. Siriri ne, amma layi ne.

Litinin, bayan la'asar

Mai Kifi ta ce wannan ba ruwan sama ba ne, hannun mutum ne. Baffa ya cafe maganar: wa ke kwashe fasinjan Dogo tun da ya zauna? Ɗan Tsallake. Na ce su rufa mini asiri. Mutumin da ya jawo mini ɗana. Wancan karon ma shi ne ya ƙi dawowa bakin ruwa, yana neman Malam har duhu ya hana shi gani, washegari ya riga kowa komawa. Ba a gidana za a ci namansa ba.

Amma don a huta da zargi, Dogo ya ce tankin zai kwana a gida. An sake juyewa, an shanya, an cika. Ya sa shi a ɗakin kaya ya ja ƙofa. Rufi a samansa, bango a gefensa. In ruwa ya iya shiga nan, sai dai in ƙafa gare shi.

Na gaji da kalmar tanki. Na gaji da warin hannuna. Na gaji da mutanen da ke tsayar da ni su ce yaushe jirgi zai koma aiki, kamar ni na ɗaure shi don nishaɗi.

Talata, da hantsi

Na ɗaga kwalbar, na ga layin, na sauke. Dogo na tsaye a kaina. Sai ya yi magana. Da ma bai yi ba.

"Inna, tankin nan a ɗaki ya kwana."

"Na sani."

"Ruwan sama bai taɓa shi ba. Ɗan Tsallake bai shigo gidan nan ba. Mu biyu ne a gidan."

"Me kake so ka ce?"

"Ke kaɗai ce ba kya son in fita."

Ban san lokacin da kwalbar ta bar hannuna ba. Ba jifa na yi ba, saki ta yi. Ya sunkuya zai tsince gilashin, na ce ya bari. Na ce, "Ni? Ni zan zuba maka ruwa a mai? Ni da na tsaya a bakin ruwan can..." Ban ƙarasa ba. Shi ma bai jira ba.

Gaskiya ne ba na son ya fita. Wannan bai yi ƙarya ba. Amma ni da na goya shi.

Talata, da magariba

Na zuba masa abinci na rufe. Yana nan a rufe.

Laraba, da yamma

Rana ta gasa mu tun safe, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya kafin la'asar. Yana cikin saukowa Dogo ya tsaya a ƙofar ɗakina, bai shigo ba. Ya ce ya gaji da zama, ranar Asabar akwai kasuwa a tsallake, zai fita. In ban ba shi tiyo ba zai sayi wani, ba wahalar samu gare shi ba. Ya ce, "Na gaya miki ne don kada ki ji a bakin wani."

Ashe duk kwanakin nan ba tiyon ne ya riƙe shi ba. Kunyata ce. Ita ma ta kusa ƙarewa.

Malam, ɗanka zai hau ruwa da tankin da ban san me ke shigarsa ba. Kai da ka san komai na jirgin nan, ka yi shiru.

Alhamis, da azahar

Bari in rubuta tun yana sabo.

Da safe rana ta fito da zafinta. Na zagaya bayan gida shanya, ina neman inda zan ɗora baho. Na ce bari in ɗora a kan duro. Sai na ga samansa cike da ruwan jiya, kwance har baki, ya rufe murfin ruf. Na kai hannu zan share, sai na ga ƴan kumfa suna tasowa daga gefen murfin, ɗaya bayan ɗaya, ƙanana, kamar kifi na numfashi. Na sunkuya. Warin fetur ne ke fitowa da su.

Murfin a ɗaure yake tamau, da sifana Dogo ke ɗaure shi. Amma na ce a raina, inda iska ta sami hanyar fita, ai ba ita kaɗai ta san hanyar ba.

Ban taɓa komai ba. Na leƙa ta katanga na ce wa Mai Kifi ta je ta zo mini da Sai-Gobe, ko a kafaɗa ne. Ta kawo shi da burodi a hannu, yana cewa wace irin mata ce wannan. Dogo ma ya fito.

Sai-Gobe ya tsuguna ya ƙura wa kumfan ido. Ya ajiye burodin.

"Kai! Duro numfashi yake yi. Rana ta gasa shi ya fesar da iska. Ruwan sama ya sanyaya shi ya ja numfashi ciki. Abin da ya tarar a bakinsa kuwa, shi zai ja."

Dogo ya ce, "Ai Baffa ya gwada, tas ya fito."

"Baffanka daga ina ya ɗiba?"

"Daga sama."

"Kai fa, in kana sauri?"

Dogo ya sosa ƙeya. Tura tiyon ɗiba yake yi har sai ya ji ya taɓa ƙasa, don kada ya tsaya riƙo.

Aka share ruwan, aka buɗe, Sai-Gobe ya tura tiyo har gindi ya jawo a wata kwalbar. Fiye da rabi ruwa ne, ja da tsatsa. Ya ce duk rani babu abin da zai faru, sai damina ta sauka. Sannan ya dafa duron ya ce, "Abin da ban gane ba, shekara da shekaru duron nan yana nan, Malam bai taɓa kawo mini ƙarar ruwa ba."

Na ja da baya na dubi duron, sai a lokacin na gan shi. A miƙe yake, cak. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganinsa a miƙe ba. Kullum a karkace, da guntun katako a ƙarƙashin gefe ɗaya, murfin ta sama, ruwa in ya sauka ya taru can ɗaya gefen ya zube. Har tsokanarsa nake yi, ina cewa Malam duronka gyangyaɗi yake yi. Murmushi kawai zai yi ya wuce.

Na ce, "Ina katakon?"

Ba wanda ya sani.

Alhamis, da yamma

Baffa ya sani. Dogo ya kira shi, ya zo yana jin ana maganar katako ya washe baki.

"Ni na miƙar da shi mana! Lokacin da gidan nan ya cika da masu ta'aziyya, mata na neman inda za su jera kwanuka, abu a karkace komai aka ɗora sai ya zame. Da ma shekara da shekaru abin nan yana tsone mini ido. Katakon ma yana shago, na tokare ƙafar kekena da shi."

Sai-Gobe ya miƙa masa kwalbar. Ya juya ta, ya dubi duron, ya dubi Dogo. Na ga lokacin da abin ya iso masa. Ya cire hula ya zauna a ƙasa, cikin taɓo, da farar rigarsa.

"Matar Yaya, da na kashe yaron nan."

Na buɗe baki in zazzage masa duk abin da na tara. Na kasa. Gyara ya yi niyya. A kwanakin makoki shi ne ya tsaya a kan komai, bai runtsa ba. Na ce ya tashi rigarsa za ta lalace, wanki kuma ba ni zan yi masa ba.

Da kai nake fushi, Malam. Kalma nawa ce? Kada a cire katakon nan, ruwa zai shiga. Shi ke nan fa. Ka zauna da ni tsawon shekarun nan, ina yi maka dariya a kan duro, ba ka taɓa buɗe baki ka ce ga dalili ba. Ka iya yi, ba ka iya faɗa ba. Ka tafi da dalilanka duka, ka bar mu da kayanka muna lalube.

Da kowa ya watse Dogo ya zo ya durƙusa a gabana. Ya ce, "Inna, maganar da na yi..." Na ce ya tashi, ƙasa a jiƙe take. Ya ƙi tashi. Na dafa kansa. Gashin ma ya isa aski.

Ya cinye abincinsa, ya nemi ƙari.

Juma'a, da la'asar

Aiki tun safe. An kwashe man sama-sama a jarkoki, an tace da kyalle. Na ƙasan Sai-Gobe ya tafi da shi, wai zai wanke ƙarafa. An kifar da duron, an goge cikinsa, ya sha rana. Baffa ya dawo da katakon a leda kamar tsaraba, shi da kansa ya tura shi, ya ja da baya, ya runtse ido ɗaya.

Na ce, "In yana ba ka haushi ka daina zagayowa nan."

Ya ce, "Wallahi har cikin haƙorina nake jin karkatar nan." Amma ya ɗauki awon saman duron, zai ɗinka masa hular tamfol.

Dogo ya ɗaura guntun sanda a jikin tiyon ɗiba, yadda komai saurinsa ba zai kai ƙasa ba. An sake wanke tanki, an cika, an bar shi ya kwanta, an zubo a kwalba. Na ɗaga ta a ƙofa. Na ɗaga ta a taga. Na fita tsakar gida na juya ta ta kowane gefe. Babu layi.

Na daɗe ina dubawa, fiye da yadda ake bukata. Ba zan rubuta abin da zuciyata ta so in gani ba.

Na ɗauko tiyon na ba shi. Amma tun jiya wani tunani ya hana ni sakat. In katako ɗaya ya yi wannan, sauran abubuwa nawa ne Malam ke yi bai faɗa ba? Nawa muka riga muka miƙar? Ba zan iya tsayawa jikin katanga ina bin ƙara da kunne ba.

Na ce, "Gobe da ni za a tafi."

"Ke, Inna? Ke da ba ki taka bakin ruwa ba tun..."

"Tun. Na sani. Ka ajiye mini wuri kusa da inji."

Asabar, bayan la'asar

Na je. Na dawo.

Kwalbar safe tas. Na sauka bakin ruwa ina kallon ƙafafuna kawai. Mutane suka yi ta matsa mini hanya suna gaishe ni da ƙaramar murya, abin da na fi tsana ke nan. Ɗan Tsallake ne kaɗai ya ɗaga murya daga jirginsa ya ce, "Innar Dogo, yau in ya mutu ke za ki tura!" Allah ya yi masa albarka.

Jirgin ya cika, mata da buhuna da kaji. Dogo ya goge murfi, ya buɗe notin iska, ya matsa roba, ya ja igiya. Bugu ɗaya ya tashi. Na zauna inda ƙarar ke shiga ƙashina. Ina jin ta sumul, babu tari, babu shaƙewa. Har na fara sakin gefen jirgin.

Muna kaiwa tsakiya, inda ruwan ya fi faɗi, sai ƙarar ta faɗi.

Ban san na miƙe ba. Na kira shi da sunansa na yanka, da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Kaji suka ɗauki kuka. Wata tsohuwa da ke gefena ta jawo zanina ta zaunar da ni.

"Zauna, baiwar Allah, kada ki kifar da mu. Bai mutu ba. Kullum a nan haka yake yi, mun saba."

Na saurara. Injin na nan yana bugawa a hankali. Na dubi Dogo. Hannunsa na kan maƙurar injin, shi ya rage. Ba ni yake kallo ba, ruwan yake kallo, leɓunansa na motsi. Wasu daga cikin matan ma sun ɗaga hannu suna addu'a. Na bi idonsa. Babu komai a wurin, ruwa ne ja kamar ko'ina. Ban taɓa tambayar inda Malam ya nutse ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini.

Ya shafa fuska, ya murɗa, muka wuce.

Da muka sauka a tsallake na jira mutane suka ragu.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na fara fita."

"Shi ne ba ka faɗa mini ba? Ka bar ni zuciyata ta kusa faɗowa cikin kogi?"

"To me zan ce, Inna?"

"Ka ce wani abu! Ka buɗe baki! Ku mutanen gidan nan, haraji ake karɓa in kun yi magana?"

Ya sunkuyar da kai yana naɗe igiya. Na shiga kasuwa na zagaya, ban sayi komai ba sai gishiri, shi ma ina da shi a gida.

Da za mu dawo jirgin ya fi cika. Na koma wurina. Na riƙe gefe tun kafin mu kai, ina jira. Muna dab da wurin sai na ji muryarsa ta keto ƙarar inji, a gaban kowa, har mutanen gaba suka waiwayo.

"Inna, zan rage."

Na ce, "Rage."